Babi na Huɗu: Auren Mangwaro da Yadda Gindi Ke Rage Tsawon Itace

Darasi na ɗaya

Itacen aure kashi biyu ne. Na ƙasa shi ne gindi, wanda aka shuka daga ƙwallo, shi ke da saiwa. Na sama shi ne reshe, wanda aka yanko daga itacen da ake sha'awar 'ya'yansa. A maimaita da baki: gindi a ƙasa, reshe a sama.

Su biyun suna aika wa juna saƙo da sinadaran da itace ke yi da kansa. Tohon kan reshe yana yin oksin, ya gangara ta ƙarƙashin ɓawo ya sa saiwa ta yaɗu. Saiwa tana yin saitokainin, ya hau tare da ruwa ya tada idanun reshe, wato wuraren da toho ke fitowa. Jibarelin kuma shi ke miƙa gaɓa. Akwai gindin da ke rage wannan kai-kawo, sai gaɓa ta gajarce, itace ya tsaya inda hannu da gora za su kai. A lemo akwai Flying Dragon, a mangwaro akwai Vellaikolamban na Indiya. Amma ƙwallon mangwaron gida da muke shukawa a Zuru da Yawuri ba ya gajarta itace sosai. Mai son gajeren itace ya nemi reshen irin mangwaron da ake kira Juli, domin shi dama ba dogo ba ne.

Darasi na biyu

A tanadi sabuwar reza da leda da aka yanka siririya. Gindi ya kai kaurin fensir, wato wata 8 zuwa 12 da shuka. Kwana 7 kafin aiki a tsinke ganyen reshen yana kan uwarsa, don idanu su kumbura.

A yanke gindi a tsayin taƙi ɗaya na hannu, kamar santimita 20. A tsaga shi ta tsakiya santimita 3 zuwa 4. A fiƙe ƙasan reshen gefe biyu kamar bakin gatari, kada yatsa ya taɓa wurin yankan.

To, a nutsu nan. Kankare ɓawo kaɗan da farce, za ka ga wata koriyar fata mai damshi. Ta nan itace ke haɗewa, kusa da ita kuma oksin ke bi. Ɓawon reshe ya zauna daidai kan ɓawon gindi. Idan reshe ya fi siranta, kada a sa shi tsakiya, a matso da shi gefe ɗaya, ɓawo kan ɓawo. Shafa da yatsa, in ka ji tudu, cire ka sake. Wanda bai samu ba karon farko kada ya karaya, hannu yana sabawa, ya gwada a kan reshen dalbejiya sau goma.

A ɗaure da leda daga ƙasa zuwa sama. Wajen ɗaurin ne reshe ke zamewa, saboda haka a sake dubawa: ɓawo kan ɓawo. Da yawanku kuna cusa reshe tsakiya saboda gaggawa, bayan mako biyu ya yi baƙi ku ce iri ne ba kyau. Ba laifin iri ba ne, malam! Ɓawo kan ɓawo, ko da gefe ɗaya ne. A rufe kan da 'yar leda, a ajiye a inuwa. Toho kan fito cikin mako 2 zuwa 4.

Darasi na uku

Duk tsiron da ya fito ƙasa da ɗaurin a cire shi, in ba haka ba zai cinye abincin reshen. A kwance ledar bayan wata biyu kada ta shaƙe itacen. Wajen dasawa kada ƙasa ta rufe mahaɗar, don ruɓewa take yi, ko reshe ya yi saiwarsa aikin gindi ya tashi a banza.

Darasi na huɗu

A shayar da rani. A kange daga awaki. Furen shekarar farko a tsinke shi.