Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Mai Bi Zai Shirya wa Sabon Mafari

Duk wanda ya taɓa kwana a Kumasi ranar 31 ga Disamba ya san yadda majami'u suke cika maƙil da jama'a sanye da fararen tufafi, ana waƙa da addu'a har ƙarfe 12 na dare, sa'an nan ganguna su ɗauka, kowa ya ɗaga farin ƙyalle yana kaɗawa. A wannan sa'a ake yi wa Allah alkawura masu nauyi, wasu da hawaye. Na yi shekaru ina cikin wannan taro, kuma na shaida cewa yawancin masu alkawarin da gaske suke yi. Abin da yake ci mini rai shi ne, kafin ƙurar hunturu ta kwanta, da yawa daga cikinmu mun koma gidan jiya, domin mun shiga daren ba tare da shiri ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake son sabon mafari, tun daga watan Nuwamba ya kamata ya soma.

Mataki na farko shi ne ka keɓe kanka da takarda da alƙalami, ka amsa tambayar da Yesu ya yi wa mutumin nan da ya shekara 38 yana fama da rashin lafiya a bakin tafkin Urushalima, kamar yadda Yahaya sura 5 ta ba da labari. Kafin ya warkar da shi, sai da ya tambaye shi ko yana so ya warke. Tambayar tana da wurin zama, domin akwai ciwon da mutum ya saba da shi har ya zama masa abokin hira. Ka rubuta abu guda, ka kira shi da ainihin sunansa. "Zan gyara halina" ba suna ba ne. Cacar ƙwallo a waya suna ne, haka ƙwaryar barasar akpeteshi ta bayan aiki, haka ashar ɗin da kake yi wa matarka a gaban 'ya'ya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka kada ka rubuta abin da ya fi sauƙin faɗa, ka rubuta wanda yake hana ka barci.

Daga nan sai lissafi. A Luka 14:28 Yesu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya wajaba ya zauna tukuna ya ƙididdige kuɗin, don kada ya kafa harsashi ya kasa gamawa. Mu da muke wuce gine-ginen da aka bari a rabi, ciyawa ta tsiro a falonsu, ba mu bukatar a fassara mana wannan. Kowane canji yana da farashi. Mai sayar da wake a kasuwar Kejetia wadda ta yanke shawarar daina awo da olonka (gwangwanin awo) mai lotsattsen gindi za ta ga ribarta ta ragu, kuma gara ta san sidi nawa ne a mako tun yanzu, ta tsara cefanenta a kai, maimakon gibin ya zo mata ba zato ta koma wa tsohon gwangwani. Matashin da zai bar caca zai rasa majalisar da yake zama a cikinta kowace yamma, watakila har a yi masa ba'a.

Abu na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa, shi ne kuma na fi so mu tsaya a kansa. Sabon mafari yana bi ta ƙofar waɗanda ka cuta. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, bai tsaya ga murnar karɓar Yesu a gidansa ba. A Luka 19 ya miƙe tsaye ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki 4. Shari'ar da ke cikin Littafin Firistoci sura 6 ta bukaci a mayar da abin da aka ci a ƙara kashi ɗaya cikin 5 ne kawai, amma Zakka ya wuce nan nesa. Ba sayen gafara ya yi ba, gama gafara kyauta ce ta wurin Almasihu. Biyan da ya yi alama ce da kowa a Yariko zai iya gani, cewa mutumin ya sāke. Haka kuma Matiyu 5:23-24 ta umurci wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana riƙe da shi, ya ajiye baikon, ya je ya shirya da shi tukuna.

Ni kaina na taɓa cin bashin sidi 300 na kayan masarufi wurin wata dattijuwa Musulma mai shago a Aboabo, na shekara biyu ina zagaye layinta ta wani lungu. A duk tsawon lokacin nan ina zuwa sujada, ina ɗaga hannu. Ranar da na je, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, na zo neman gafara, ga kuɗinki." Ta jawo wani tsohon littafi mai maiƙo daga ƙarƙashin tebur, ta lasa yatsa ta yi ta buɗe shafi har ta kai ga sunana, ta ja layi a kansa. Ta ce, "Ɗana, ba kuɗin ne ya dame ni ba, gaisuwarka na rasa." Har yau ina jin nauyin wannan magana.

Saboda haka ka je da ƙafarka, kada ka tura kuɗin ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ka ɓuya a bayan waya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, babu wanda zai raina ka don ka ce ba ka da shi duka. Ka faɗi abin da za ka iya biya da ranar da za ka kawo, ka shiga susu, wato adashi, saboda shi idan ya kama, kuma ka cika. Idan rigimar ta yi zurfi har kana ganin ba za a buɗe maka ƙofa ba, ka nemi dattijo da ɓangarorin biyu suke jin kunyarsa ya raka ka. In an ƙi yafe maka a zuwan farko, kada ka yi musu, kada ka fara lissafa laifin ɗayan.

Bayan shara kuma sai a zuba kaya a ɗaki. Matiyu 12:43-45 ta yi kashedi game da gidan da aka share aka bar shi fanko, baƙin aljanin da ya fita ya komo da waɗansu 7 da suka fi shi mugunta. Manzo Bulus ya nuna hanyar a Afisawa 4:28, inda bai tsaya ga ce wa ɓarawo ya daina sata ba, sai ya ce ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Ka duba sa'ar da jarabar take zuwa maka, ka ba wannan sa'a wani aiki. Idan tsakanin ƙarfe 6 da 9 na dare ne, to, lokacin ne na koyon waƙa a majami'a, ko duba aikin makarantar yara, ko karanta sura guda tare da iyali.

Ka kuma sami mutum ɗaya da zai san gaskiyarka, kamar yadda Yaƙub 5:16 ta ce mu bayyana wa juna zunubanmu mu yi wa juna addu'a. A gidajen haya na zango magana tana da ƙafa, don haka ka zaɓi mai riƙe amana, namiji ga namiji, mace ga mace, wanda zai iya tambayarka kowace Lahadi ba tare da kwana-kwana ba.

Za ka ji masu ce maka hali zanen dutse, wataƙila ma zuciyarka ce za ta faɗa maka ranar da ka yi tuntuɓe. A Ezekiyel 36:26 Allah ya yi alkawarin cire zuciyar dutsen dungum ya sa ta nama a madadinta, kuma Bitrus da ya yi musun Ubangijinsa sau 3 shi aka danƙa wa kiwon tumaki a Yahaya 21. Idan ka faɗi a watan Fabrairu, kada ka jira wani Disamba. Ka kira abokin addu'arka a ranar, ka faɗa masa inda kake da wanda kake tare da shi sa'ad da abin ya faru, ku gyara wannan gurbin a takardarka, washegari ka ci gaba daga inda ka tsaya.