Yadda na raba wa kwikwiyona "zauna" da "tsaya"

Kwikwiyona ɗan wata 5 ne, jinsin Boerboel na Afirka ta Kudu. Na haɗa masa horo biyu lokaci guda, na biyayya da na nuni gaban alƙalin gasar karnuka, sai abu ya cuɗe. A horon biyayya, da ka tsaya da tafiya kare zai zauna a hagunka. A nuni kuwa tsayuwa ake so: ƙafafun gaba a miƙe, na baya an ɗan ja su, kai sama, har alƙali ya duba haƙora ya shafa jiki. Nawa ina tsayawa sai ya dasa gindi ƙasa yana jiran lada. Ni na koya masa, ba laifinsa.

Abin da na yi, na raba kayan aiki. Faffaɗar sarƙar wuya ta biyayya ce, siririyar igiya da ke zama sama bayan kunnuwa ta nuni ce. Da siririyar ba na taɓa cewa "zauna". In ya fara sunkuyar da baya, sai in sa tafin hannu ƙarƙashin cikinsa in ce "tsaya", in ba shi dafaffiyar hanta yana tsaye. Kada a ba shi kilishi, ana sa masa albasa, ita kuwa guba ce ga kare.

Minti 5 kacal, bayan sallar asuba, don ranar Sakkwato in ta ɗaga ƙasa kan ƙona masa tafin ƙafa. A mako na 3, yana ganin siririyar igiya ya daina zama.