Wasannin Bitar Kalkulas a Aji Kafin Jarrabawa

Wasan bita yana da amfani idan ya sa kowane ɗalibi ya riƙe biro, ya kuma tono kuskuren da ke ɓoye a kansa. Idan gwanaye biyu ko uku ne ke ta ɗaga hannu saura na kallo, an ɓata lokaci kawai. Don haka a raba aji rukuni-rukuni na mutum uku ko huɗu. Da sun kai shida, sai ka ga wasu sun naɗe hannu.

Haɗa giraf, wato zanen fankshan, da diribatif ɗinsa, wanda ke nuna saurin hawa ko gangarowar giraf ɗin a kowane wuri. A yanka kati 24: 12 ɗauke da zanen fankshan, 12 ɗauke da zanen diribatif ɗin kowanne, ba tare da an rubuta lissafin ba. Kowane rukuni ya sami cikakken saiti, a ba su minti 15 su haɗa su bibbiyu. Abin da za su lura da shi: inda giraf ke hawa, diribatif yana sama da layin x, inda yake gangarowa, yana ƙasa, a kan tudu ko cikin kwari kuwa yana ratsa sifili. Yawancin ɗalibai kama suke nema, su haɗa zane biyu don sun yi kama da juna, wanda kuwa ba daidai ba ne. A saka x³ a ciki da gangan: diribatif ɗinsa, 3x², yana taɓa sifili a x = 0, amma babu tudu babu kwari a wurin. Katin nan kaɗai yakan jawo gardama mai amfani.

Farautar kuskure. Wannan ya fi sauran daraja, shi ya kamata a ba lokaci mai yawa. Malami ya rubuta amsoshi takwas cikakku, mataki-mataki, shida da kuskure, biyu lafiyayyu, kada ya faɗi adadin masu kuskuren. A zaɓo kurakuran da aka saba gani a takardun ɗalibai: a ce diribatif ɗin sin(3x) shi ne cos(3x), an manta da 3 ɗin da ƙa'idar sarƙa (ta fankshan da ke cikin wani fankshan) ke fitarwa, a ce na x² sin x shi ne 2x cos x, alhali amsar ita ce 2x sin x + x² cos x, a tsallake alamar ragi a diribatif ɗin cos x, a manta da + C a ƙarshen intigiral, wato lissafin da ke komawa baya daga diribatif. Ga gwanaye kuma, a ba su intigiral na 1/x² daga −1 zuwa 1, a nuna ya fito −2. Kowane mataki kamar daidai ne, amma ta yaya fankshan da bai taɓa sauka ƙasa da sifili ba zai ba da amsa mai ragi? Matsalar tana x = 0, inda ba shi da ƙima. Maki ɗaya ga wanda ya nuna layin kuskure, biyu ga wanda ya bayyana dalili ya gyara, a kuma cire ɗaya ga wanda ya zargi amsa lafiyayya, in ba haka ba cinke za su riƙa yi.

Miƙa alli. Tambaya ɗaya, mataki huɗu, kowa da nasa. Misali a nemo tudu da kwarin f(x) = x³ − 3x: na farko ya fitar da diribatif, 3x² − 3, na biyu ya samo inda diribatif ɗin ya zama sifili, x = 1 da x = −1, na uku ya kawo diribatif na biyu, 6x, na huɗu ya nuna tudu a x = −1 da ƙimar 2, kwari a x = 1 da ƙimar −2. Kafin kowa ya rubuta nasa, sai ya duba na wanda ya gabace shi. A ba da maki kan daidaito, sauri ya zama na raba gardama kawai.

Akwai kuma wasan jera kati, kowanne da amsa a hagu da sabuwar tambaya a dama, a yi ta jonawa har jerin ya dawo farko. A kula wajen shirya shi: x² + 1 da x² + 5 duk diribatif ɗinsu 2x ne, idan suka haɗu a saiti ɗaya jerin zai sarƙe.

Kowane wasa aka zaɓa, a ware minti 10 na ƙarshe, kowa ya warware tambaya biyu shi kaɗai a takarda, malami ya karɓa. Daga nan zai san abin da zai maimaita a darasi na gaba.