Yadda Ake Tattara Tarihin Garin Gyaɗa

Garuruwan da ke kan layin dogon Kano zuwa Nguru, irin su Ringim, Gagarawa da Malam Madori, gyaɗa ta taɓa cika su da baƙi da kantuna. Farin da aka yi a 1973, cutar gyaɗa ta 1975 da kuɗin man fetur da suka ja matasa zuwa birni ne suka kwantar da wannan kasuwa. Waɗanda suka ga zamanin da idonsu duk sun manyanta, don haka aikin ba ya son jinkiri.

A fara da gaisuwa a ƙofar dagaci ko hakimi, a nemi izini da ɗan rakiya. Amma kada a tsaya a fada kaɗai, domin tarihin fada jerin sarauta ne. A nemo tsoffin 'yan dako, masu awo a sikeli, leburorin tasha da limamai. Mata masu ƙuli-ƙuli sun fi kowa riƙe farashin mudu; mace za a tura ta zauna da su a cikin gida.

Waya mai cikakken caji ta isa ɗaukar murya. A ɗora ta kan matashi, kamu biyu daga bakin mai magana, a cikin zaure, saboda iskar hunturu na cinye murya a fili. Zama ɗaya kada ya wuce minti 45, kuma mutum ɗaya-ɗaya. In aka tara dattawa, babbansu ne zai yi ta magana, sauran su ce "haka ne" don kunya.

Wurin shekaru aka fi yin tuntuɓe. Kada a ce, "Baba, a wace shekara?" Zai ba da lamba don kada ya kunyata baƙo, kuma sau da yawa ba daidai ba. A tambaye shi: "Baba, kafin rasuwar Sardauna ne ko bayanta?" Wannan 1966 ke nan. Canjin hannun tuƙi 1972, shigowar naira 1973, soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano 1979, ƙirƙiro Jigawa 1991. Da waɗannan turaku ake ɗaure labari. Duk zancen da mutum biyu daga gida daban-daban ba su tabbatar ba, a rubuta shi da "an ce".

Rasiɗin haraji, wasiƙun ajami da tsoffin hotuna, a ɗauki hotonsu nan take a mayar wa mai su. Aron takarda ne ke ɓata zumunci. Bayanan En'e (tsohuwar hukumar gargajiya) da na gundumomi kuwa sai an je ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano.

Rikicin gona da na sarauta, a saurara, amma kada a buga sai da yardar ɓangarorin biyu. A ajiye kwafi uku: fada, makarantar firamare, da ƙungiyar cigaban gari.