Gyaran tsohuwar kyamara mai jakar fata

Kyamarori irin su Crown Graphic na kamfanin Graflex a Amurka, ko Linhof Technika ta Jamus, masu ɗaukar fim mai faɗin inci 4 da tsawon inci 5, ciwonsu bai cika wuce biyu ba: haske na kutsawa, ko shota, wato 'yar ƙofar da ke buɗewa ta rufe don haske ya shiga kan fim, ta yi nauyi.

Fara da jakar nan mai naɗi kamar zugazugin maƙera. Cire gilashin gaba, ka ja ta har iya tsawonta, ka shiga ɗaki mai duhu ka sa tocila a ciki. Jira minti biyar idonka ya saba. Hudojin za su fito kamar taurari, galibi a kusurwoyin naɗin, inda fata ta fi wahala. Haɗa baƙin fentin yadi da ɗan gam mai laushi, ka ɗiga da tsinke ta ciki, shafi biyu marasa kauri. Bar ta a miƙe kwana biyu. In ka yi gaggawar naɗewa, sai ta manne, ta yage wajen buɗewa. Hudoji in sun kai ashirin, sake jaka kawai.

Sai shota, ƙirar Copal ce ko ta Compur. Saita ta a daƙiƙa 1 ka saurara. Lafiyayya tana "zzz" santal har ta rufe. In ta yi jinkiri ko ta tsaya, tsohon giris ne ya daskare a haƙoran injin lokacin. Kwance gilasan da ke ɗaure a gaba da bayan shotar da hannu, ka adana siririn zoben da ke ƙarƙashi in akwai, domin shi ke daidaita tazarar gilasan. Buɗe murfin shotar, ka ɗauki hoton ciki da waya kafin ka taɓa komai, sannan ka wanke haƙoran da man laita a ƙaramin buroshi.

Don Allah kada mai ya taɓa ganyayyakin shota, balle man feshin nan na WD-40. A bushe aka yi su su yi aiki. Ɗigo ɗaya ya isa ya liƙe su. Man agogo kaɗai, a bakin allura, kan sandunan haƙoran.

In hoto na fita dishi-dishi, duba gilashin da ke bayan kyamarar, wanda ake kallon hoto a kansa wajen saiti: gefensa mai kaushi ne ke fuskantar gaba, kuma ya zauna daidai mazaunin fim, kusan milimita 5 daga fuskar gidan fim.

Da hunturu hure ƙura kafin ka goge gilashi, don tana karce shi. Da damina kuwa fito da ita daga akwati ta sha iska, saboda fumfuna.