Yadda Ake Gane Lokacin da Feshin Maganin Ƙwari Zai Biya Kuɗinsa a Gonar Masara

Sabon manomi yakan ɗauki famfon feshi da zarar ya ga rami a ganyen masara, alhali kuwa masara tana jure ɓarnar ganye sosai, musamman tana ƙarama. Tun shekarar 1959 masana ƙwari a Kalifoniya suka tsara ƙa'idar da ake bi har yau: ana yin feshi ne idan asarar da ƙwari za su jawo ta kusa kai kuɗin feshin, kuma ana yi kafin ta kai.

Da farko ka haɗa kuɗin magani da na mai feshi a hekta ɗaya, sannan ka mayar da shi buhunan masara bisa farashin da kake sa ran samu lokacin girbi. Idan ya kai buhu biyu, kuma maganin yana kashe kashi 80 cikin ɗari na tsutsotsi, sai asarar da ake tsoro ta kai buhu biyu da rabi kafin feshin ya mayar da kuɗinsa. Idan farashin masara ya faɗi, adadin buhunan yana ƙaruwa, wato feshi yana ƙara wuyar biya.

Mataki na biyu shi ne ƙirga, kuma a nan ne mafi yawan masu koyo suke kuskure. Ka shiga gona sau ɗaya a mako tun daga tsirowa, ka bar layukan gefe domin ɓarna takan fi yawa a can, ka bi gonar a karkace, ka tsaya wuri biyar, kowane wuri ka duba shuka goma a jere. Kada ka zaɓi shukar da ta ja hankalinka. Abin da ake ƙirgawa shi ne ɓarna sabuwa: ganyen da aka kankare ya zama kamar tagar gilashi, da kashin tsutsa mai ɗanshi a cikin mazurarin ganye, wato tsakiyar shukar inda sababbin ganye suke fitowa a naɗe. Tsohon rami mai busasshen baki shaida ce ta tsutsar da ta riga ta tafi, kuma na ga mutane da yawa suna ƙirga shi suna zuba magani a gonar da babu abin kashewa. Ka buɗe mazurarin ganyen ka ga tsutsar da idonka, ka kuma lura da girmanta, domin babbar tsutsa ba ta jin magani yadda ƙarama take ji.

Game da tsutsar nan mai cin ganyen masara da masana ke kira Spodoptera frugiperda, wadda ta bayyana a Afirka a 2016, jagorar da cibiyar binciken masara da alkama ta duniya (CIMMYT) da abokan aikinta suka fitar ta sanya iyakar kusan kashi 20 cikin ɗari na shuke-shuke masu sabuwar ɓarna yayin da masara take ƙarama, da kashi 40 idan ta girma kafin ta fitar da kai. Cikin shuka 50, hakan yana nufin shuka 10 ko 20.

Idan an kai iyakar, a yi feshi da sassafe ko da yamma, a nufi cikin mazurarin ganye kai tsaye. Idan ana sa ran ruwan sama mai ƙarfi, ra'ayina shi ne a dakata a sake ƙirga bayansa, domin yakan kashe ƙananan tsutsotsi. Tsutsar kara kuwa, da zarar ta huda kara ta shige, feshi ba zai same ta ba.