Darasi na 9: Yabon mutum da Turanci

Mai kasa gwanjo a Katako, ko tela a Dilimi, ya san yadda ɗaliban Jami'ar Jos ke zuwa ciniki suna jefa Turanci. Mutum ya gwada rigar sanyi ta zauna masa, kai kuma bakinka bai wuce "fine" ba. Yau za mu ƙaro kalmomi uku.

Ta farko stylish. Ita ce ɗan gayu ko 'yar gayu, wanda ya iya sa kaya, ya san yadda ake karya hula ko ɗaura ɗankwali. Ba tsadar tufa take nufi ba, shi ya sa ta dace da mai sayen gwanjo. Ka ce masa: You look stylish. Wajen furtawa a haɗa s da t, kada a ce "sitailish".

Ta biyu tana buƙatar natsuwa. Charming shi ne mai shiga rai, mai fara'a da daɗin baki, wanda in ya zauna a majalisa ba a son ya tashi. Farin jini ke nan a wurinmu. Ana faɗa wa namiji da mace: He is charming, She is charming. Amma a kula da tushenta, wato charm. Asalinta daga Latin ne, inda take nufin waƙa ko surkulle, kuma har yau a Turancin Najeriya in aka ce wani ya yi amfani da charm, asiri ko laya ake nufi. Na taɓa ganin wata ɗalibata ta so yaba uwar ɗakinta, ta yar da -ing ɗin, har sai da aka shiga tsakani aka yi bayani. Don haka ku riƙe ƙarshen kalmar da kyau. Harafin ch ɗin kuwa c ɗinmu ne na "ciki".

Ta uku confident, mai yarda da kansa, wanda zai tsaya gaban jama'a ya yi magana ba rawar murya. Nauyin furucin yana kan gaɓar farko. Wasu kan ɗauke ta girman kai, alhali girman kai arrogant ne, kuma zagi ne. Ni a ganina wannan ce kalmar da ta fi muku amfani, domin ita ake so a gani a wurin mai neman aiki.

A Turanci siffa kan riga suna: a confident woman, a stylish man.

Aiki: ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya zama tela, ɗaya mai karɓar ɗinkin Sallah. Telan ya yabi abokin cinikinsa da jimla biyu, sannan ku sauya. A gida kowa ya rubuta jimla uku a kan wani da ya sani a unguwarsu, kalma ɗaya a kowace jimla, ya zo da su darasi na gaba.